Babi na Shida: Nisa da Kusurwa, Gabas da Arewa

Duk wanda ya taɓa sayen fili na awon igiya a Tambuwal ko Dogon Daji ya san takardar da safiyo yake bayarwa. A tsakiyarta akwai zanen filin, a kowane lungu akwai lambar dutsen simintin da aka kafa, a jikin kowane gefe kuma an rubuta lambobi biyu, ɗaya da alamar digiri, ɗaya da mita. Mai fili yakan duba mitocin, don su ya gane, ya linke takardar ya jefa ƙasan akwati. Ta digirin kuwa ba ruwansa da ita, sai ranar da maƙwabci ya ce an ci masa iyaka.

Lambobin nan biyu umarni ne. Cewa suke yi: tsaya a kan wannan dutse, ka fuskanci wajen kaza, ka yi tafiyar mita kaza, za ka iske dutse na gaba. Littattafan makaranta suna kiran wannan siffar fola, mu kuma a nan za mu ce siffar nisa da kusurwa. Akwai wata hanyar kwatanta dutsen nan ɗaya, ba tare da an ambaci digiri ba. Sai a ce: yi gabas mita 40, ka juya arewa ka yi mita 30. Wannan ita ce siffar kwance da tsaye, domin a kan takarda gabas a kwance take tafiya, arewa kuma a tsaye. Dutse ɗaya, kwatance biyu. Aikinmu shi ne yadda ake fita daga na farko a shiga na biyu, da kuma dalilin da zai sa mutum ya wahalar da kansa ya yi hakan.

Masu lissafi suna fara ƙidayar kusurwa daga gabas. Gabas sifili ce, arewa digiri 90, yamma 180, kudu 270, wato juyin ya saɓa wa na hannun agogo. To, a ce mutum ya fuskanci wata kusurwa ya yi tafiyar mita ɗaya tak. Cikin mitar nan, wani abu ya ci ta gabas, wani abu ya ci ta arewa. Abin da ya ci ta gabas shi ake kira kosayin na kusurwar, ana rubuta shi cos; abin da ya ci ta arewa shi ne sayin, ana rubuta shi sin. Iyakar ma'anarsu ke nan, duk da tsoron da ɗalibai suke musu. Idan tafiyar ba mita ɗaya ba ce, mita 50 ce, sai a ninka kowanne sau 50. Idan nisan r ne, kusurwar kuma θ:

gabas = r × cos θ
arewa = r × sin θ

Ɗauki kusurwar digiri 36 da minti 52, wato 36.87. Kosayin ɗinta 0.8 ne, sayin kuma 0.6. Tafiyar mita 50 a wannan fuska ta zama mita 40 gabas, mita 30 arewa. Magina za su gane waɗannan lambobi, don su ne uku da huɗu da biyar da suke jan igiya da su idan suna son kwanar ɗaki ta fita sikwaya.

Ana rubuta amsar a dunƙule haka: 40 + 30i. A yanzu ɗauki harafin i a matsayin tambari kawai, mai cewa wannan talatin ɗin ta arewa ce, kada a zuba ta cikin arba'in ɗin gabas. Lamba irin wannan mai ɓangare biyu ita ce haɗaɗɗiyar lamba. A siffar nisa da kusurwa ana rubuta ta r(cos θ + i sin θ), injiniyoyi kuma don gudun dogon rubutu sukan sa 50∠36.87°.

Me ya sa ake juyawa? Saboda ba a iya tara tafiya biyu a siffar nisa da kusurwa. A ce safiyo ya tashi daga dutse na farko ya yi mita 50 ɗin nan, daga dutse na biyu kuma ya yi mita 40 a kusurwar digiri 120. Ina yake yanzu daga inda ya fara? Ƙafarsa dai ta taka mita 90, amma ba nisan da ke tsakaninsa da dutsen farko ke nan ba. Haɗa digirorin ma shirme ne. Dole a warware tafiya ta biyu ita ma. Kosayin na 120 shi ne −0.5, sayin kuma 0.866, don haka ta zama −20 + 34.64i. Alamar ragi a gaban ashirin tana nufin ya koma yamma ne, ya mayar da wani abu daga gabas ɗin da ya ci. Yanzu tarawa ta zama aikin ɗan aji uku: gabas da gabas, 40 a cire 20, saura 20, arewa da arewa, 30 da 34.64, ya ba da 64.64. Yana kan 20 + 64.64i. In ana son nisan kai tsaye, sai a ninka kowane ɓangare da kansa, a haɗa, a nemo tushen jimlar, kamar yadda ƙa'idar Faisagoras ta tanada. Ya fito mita 67.7, a kusurwar kusan digiri 73.

Haka safiyo yake bin gefunan fili ɗaya bayan ɗaya har ya zagayo dutsen da ya fara. Kuma a nan ne lissafin yake kama mai kuskure da hannu dumu-dumu. Tunda ya dawo inda ya tashi, jimlar duk gabas da yamma dole ta zama sifili, haka ta arewa da kudu. Idan ɗan abin da ya rage bai wuce 'yan santimita ba, sai ya rarraba shi a kan gefunan. Idan ya kai mitoci, akwai inda aka karanta na'ura ba daidai ba ko aka rubuta lamba a baibai, sai a koma filin. Duba digiri da mita da ido ba zai taɓa nuna wannan ba, sai an warware su.

Maganar alamar ragi tana bukatar a ɗan tsaya a kanta, don a nan ɗalibai suka fi zubar da maki. Tsaya a tsakiyar Tambuwal ka ɗauke ta a matsayin sifili. Sakkwato tana arewa maso gabas, kimanin kilomita 100 ta hanyar Shagari da Bodinga, don haka ɓangarorinta biyu duka ba su da ragi. Argungu tana arewa maso yamma: na kwance yana da ragi, na tsaye ba shi da shi. Jega tana kudu maso yamma, duka biyun ragi ne. Kebbe tana kudu da ɗan karkata gabas, Gummi kuma ta fi ta karkata: na kwance lafiya lau, na tsaye ragi. Wanda ya riƙe garuruwan nan a ka ba ya bukatar haddace wani jadawalin alamomi. In aka ba shi kusurwar digiri 215, ya san ta wuce yamma ta nufi kudu, wajen Jega ke nan, saboda haka tun kafin ya taɓa kalkuleta ya san amsoshin biyu za su zo da ragi. In suka zo ba haka ba, akwai magana.

Sai dai akwai tarko ɗaya a takardar safiyo ɗin kanta. Safiyo, da matuƙin jirgi, da duk mai riƙe da kamfas, ba daga gabas suke fara ƙirga ba. Daga arewa suke farawa, su bi juyin hannun agogo: arewa sifili, gabas 90, kudu 180. Wanda ya kwashi digirin takardar fili ya zuba cikin ƙa'idar da ke sama kai tsaye zai sami gabas a gurbin arewa, arewa a gurbin gabas. Maganin ba wuya: ko dai a cire digirin safiyo daga 90 a sami na masu lissafi, ko a musanya, a ba gabas sayin a ba arewa kosayin.

Alƙibla ta isa misali. Mukan ce mun fuskanci gabas idan za mu yi salla, amma Makka ba gabas sak take da mu ba. Tambuwal tana kan digiri 12 da ɗoriya arewa da tsakiyar duniya, Makka tana kan 21 da ɗoriya, kuma idan aka yi lissafin a kan ƙwallon duniya alƙiblar wannan yanki tana faɗawa wajen digiri 70 a ƙirgar kamfas. A ƙirgar masu lissafi digiri 20 ke nan, wato gabas da aka ɗaga zuwa arewa kaɗan. Kosayin na 20 shi ne 0.94, sayin 0.34. Magini da zai fitar da harsashin masallaci, in ya san gabas da arewa na gaskiya, ba ya bukatar na'urar auna kusurwa. Ya kafa turke, ya auna mita 9.4 gabas, daga nan mita 3.4 arewa, ya kafa turke na biyu. Igiyar da ta haɗa turakun biyu tsawonta mita 10 ne, kuma tana kallon alƙibla. Neman alƙibla da lokutan salla yana cikin abubuwan da suka sa malaman Musulunci na da suka zurfafa a ilimin sayin da kosayin. Al-Battani, wanda ya yi aikinsa a Raƙƙa ya rasu a 929, da Abul Wafa na Bagadaza bayansa, sun tsara jadawalai na waɗannan lambobi, Al-Biruni kuma ya rubuta littafi a 1025 wanda a ciki ya fitar da alƙiblar birnin Gazna.

Mai karatu zai iya cewa, to, duk wannan ai awon ƙasa ne, me ya kawo harafin i? Me ya hana a rubuta gabas da arewa a jere a huta? Da tarawa kaɗai ake yi, da ya yi gaskiya. Ba a nan gizo yake saƙar ba, sai an zo ninkawa.

Harafin i yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana damun masana: idan aka ninka shi da kansa yana ba da −1. A lambobin da muka saba da su wannan ba ya yiwuwa, don biyu sau biyu huɗu ne, −2 sau −2 ma huɗu ne. A 1545 wani likita ɗan Italiya, Girolamo Cardano, ya kawo wata tambaya a littafinsa na aljabara: raba goma gida biyu, yadda in an ninka gidajen za a sami arba'in. Gwada ka gani, biyar sau biyar ma 25 ne, kuma babu rabon da ya fi shi. Cardano ya ce amsar ita ce 5 + √−15 da 5 − √−15, ya nuna lissafin yana fita, sannan ya ajiye abin a matsayin wayo marar amfani. Rafael Bombelli ya tsara ƙa'idojin aiki da irin waɗannan lambobi a 1572. Descartes na Faransa ya kira su lambobin zato a 1637, sunan kuma ya bi su har yau. Euler ya nuna dangantakarsu da sayin da kosayin a 1748. Duk da haka an ci gaba da aiki da su ana ɗari-ɗari, don ba wanda ya iya nuna inda suke zaune.

Wanda ya fara nunawa filla-filla ba shehin malamin jami'a ba ne. Safiyo ne. Caspar Wessel, haifaffen Norwe, ya shafe shekaru yana awon ƙasar Denmak don zana taswira. Kullum aikinsa nisa da kusurwa ne, sai ya tambayi kansa yadda za a yi lissafi da layuka masu fuska kamar yadda ake yi da lambobi. A 1797 aka gabatar da takardarsa a gaban majalisar masana kimiyya ta Denmak, aka buga ta a 1799. Da yake da harshen ƙasar ya rubuta, kusan shekara ɗari ba wanda ya kula, sai a 1897 aka fitar da ita da Faransanci. Kafin nan Argand ya buga irin wannan tunani a Faris a 1806, Gauss na Jamus ya ƙarfafa shi a 1831. Shi ya sa ɗalibin shekarar farko a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi yake jin sunan Argand a kan zanen haɗaɗɗun lambobi, ba na Wessel ba.

Abin da Wessel ya gano shi ne: idan za a ninka haɗaɗɗun lambobi biyu, a ninka nisansu, a haɗa kusurwoyinsu. Shi ke nan. Yanzu dubi i. Tafiyar mita ɗaya ce zuwa arewa, wato nisa 1, kusurwa 90. Ninka shi da kansa: ɗaya sau ɗaya ɗaya ne, 90 da 90 kuma 180. Mita ɗaya zuwa yamma, wato −1. Abin da ya gagari masana shekara ɗari biyu da hamsin ashe juyawa hagu ce sau biyu. Ninkawa da i ba komai ba ne illa a juya abu rubu'in da'ira.

Gwada da 2∠30° sau 3∠60°. A siffar nisa da kusurwa, da ka ma za ka yi: 6∠90°, wato 6i. A siffar kwance da tsaye sai ka ninka 1.732 + i da 1.5 + 2.598i, ka yi ninki huɗu, ka tuna i sau i ragi ɗaya ne, ka soke abin da ya soku, kafin ka iso 6i ɗin nan dai. Lambobin Cardano ma a nan asirinsu yake tonuwa. Kowace nisanta tushen 40 ne, kusan 6.32, ɗaya ta ɗaga sama da gabas da kusan digiri 38, ɗaya ta sauka ƙasa da gabas da daidai wannan kusurwar. In an ninka, kusurwoyin sun cinye juna, nisan ya ba da 40. In an tara, ɓangarorin tsaye sun cinye juna, biyar da biyar sun ba da goma.

Don haka kowace siffa da ranarta. Ninkawa da rabawa da juyawa, nisa da kusurwa. Tarawa da ɗebewa, kwance da tsaye. Duk lissafin da ya ƙunshi ayyukan biyu dole ya riƙa kai da komo a tsakani. A ganina littattafan lissafi da yawa suna kawo darasin a baibai. Sukan fara da tushen −1, su kira shi na zato, yaro ya tsorata tun daga bakin ƙofa, sannan a jibge masa ƙa'idar juyawa ba a gaya masa abin da za ta yi masa ba. Da an fara da takardar fili, da rabin wahalar ta kau.

Kalkuleta irin ta Casio da ɗalibai suke riƙewa tana da maɓallai biyu, Pol da Rec. Rec ne yake karɓar nisa da kusurwa ya ba da kwance da tsaye, Pol ya yi akasin haka. Abin lura ɗaya ne: ɗan harafin da ke saman gilashin. In D ne, da digiri take aiki. In R ne, da radiyan, wani ma'aunin kusurwa wanda a cikinsa cikakkiyar da'ira 6.28 ce maimakon 360. Kosayin na digiri 30 shi ne 0.866. In na'urar tana kan R, 0.154 za ta ba ka, sayin kuma ta ba ka −0.988 maimakon 0.5, ba kuma za ta yi maka gargaɗi ba. Wanda ya san digiri 30 wajen Sakkwato take zai ga ragin nan ya san an yi ɓatan kai.

Inda wannan lissafi ya fi cin abinci a yau shi ne wutar lantarki. Wutar da injinan Kainji suke bayarwa tun 1968, da ta kowane janareta, ba miƙe take tafiya ba. Kai da komo take yi, zagaye 50 a kowace daƙiƙa a tsarin Najeriya, saboda abin da yake haifar da ita juyawa yake yi. Ana iya kwatanta matsin wutar, wanda ake aunawa da bolt, da kibiya mai juyawa, kwararar wutar kuma, wadda ake aunawa da amfiya, da wata kibiyar. Tunda gudunsu ɗaya ne, abin da ya rage a sani shi ne tsawon kowace da kusurwar da ke tsakaninsu. Nisa da kusurwa ke nan. Charles Steinmetz ne ya gabatar wa injiniyoyi wannan hanya a wani taro a Chicago ta Amurka a 1893, ta mayar da lissafin da yake cin shafuka ya koma 'yan layuka. Su j suke rubutawa a maimakon i, don i ta riga ta zama alamar kwararar wuta a wurinsu.

Dutsen guga da hita suna jan wuta daidai da bugun matsin, kusurwarsu sifili. Duk abin da yake da naɗin waya a ciki kuwa, injin niƙa na lantarki, famfon burtsatse, injin walda, firij, kwararar wutarsa baya take biyowa. A ce a shago ɗaya hita tana jan amfiya 10, wani inji kuma yana jan amfiya 10 amma ya makara da digiri 60. Nawa babbar waya take ɗauka? Ba 20 ba. Na hita 10 + 0j ne. Na injin 10∠−60°, wato 5 − 8.66j. Jimla 15 − 8.66j, tsawonta amfiya 17.3, a makare da digiri 30. Mai gyaran wuta da ya maƙala mitarsa a wayar, 17.3 zai gani. Fankar sama ma da kusurwa take tashi. 'Yar kafasitar da ke cikinta tana gusar da kwararar ɗaya daga naɗin wayoyin biyu, har ƙarfin maganaɗisun ya riƙa zagayawa ya ja fikafikan. In ta mutu kusurwar ta ɓace, shi ya sa fankar take tsayawa tana gurnani sai an tura ta da sanda.

Dubi kuma farantin da ke jikin babban janareta, irin na asibiti ko gidan mai. Za ka ga an rubuta, misali, 100 kVA, kusa da shi 0.8, sannan 80 kW. Mutane da yawa suna ɗauka ɗari suka saya. Ɗarin nan nisa ce, 0.8 kuma kosayin ne na kusurwarmu ta farko, digiri 36.87. Warware ta: 80 a kwance, 60 a tsaye. Tamanin ɗin ita ce take niƙa hatsi, take ɗago ruwa, take zama haske da zafi. Sittin ɗin kai da komo kawai take yi tsakanin janareta da naɗin wayoyin injuna, ba ta aikin da za a gani, amma tana cika waya tana ɗumama ta, tana kuma cin gurbi a taransifoma. Taransifomar unguwa da kVA ake auna ta, saboda wayar cikinta ba ta bambance kwance da tsaye, tsawon kibiyar kawai take ji.

Kafasita tana jan wuta ta gaba, akasin naɗin waya, don haka ɓangarenta na tsaye yana da kishiyar alama. A ce masu injuna a layi ɗaya sun ɗora wa taransifoma mai 100 kVA kaya cif, 80 a kwance 60 a tsaye. Aka kawo kafasitoci masu soke 40 daga na tsayen. Na kwance bai motsa ba, yana nan 80, ba injin da ya rage aiki. Na tsaye ya koma 20. Mayar da su siffar nisa da kusurwa: tushen 6,400 da 400 a haɗe, wato 82.5 kVA, kusurwar ta sauko daga digiri 37 zuwa 14, kosayin ɗinta ya tashi daga 0.8 zuwa 0.97. Taransifomar da take cike maƙil ta sami sararin kVA 17 da rabi, wanda ya isa a jona wa wani shagon.